Ra'ayinmu: Kafin Suleja ta kwashe takardunta zuwa kwamfuta, a ware kowace da irinta

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya ya riƙa zuwa musu kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun gwamnoni ba. Kowa ya san aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma tuni ya sauya inda talaka yake kai tambayarsa. Da can in aka ce ina kuɗin magudanar ruwa, sai a nuna babban birnin jiha. Yanzu kuwa ido ya koma kan sakatariyar ƙaramar hukuma. A watan Afrilun 2025 kotun ta kuma yanke cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi ma, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba. Ana cikin haka Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Misis Didi Walson-Jack, ta sa ƙarshen Disambar 2025 ya zama wa'adin da ma'aikatun tarayya za su bar aiki da fayil ɗin takarda su koma kwamfuta. Suleja gari ne da ma'aikatan waɗannan ma'aikatu da yawa suke kwana a cikinsa su yi sammako zuwa Abuja, don haka wannan iska ba za ta daɗe ba ta kaɗo ofisoshinta.

Muna maraba da sauyin. Amma akwai wata tambaya da akan tsallake domin ana ganin ta masu ilimin kwamfuta ce: idan hukuma ta buɗe shafin intanet, ko ta sayi manhajar ajiyar takardu, da wane tsari za a jera abin da ake zubawa ciki? Hanyoyi uku ne aka saba bi. Ko dai a bar komai ya jeru bisa ranar da aka sa shi, sabo a sama tsoho a ƙasa. Ko a raba bisa sashe, wato na lafiya daban, na ayyuka daban, na kuɗi daban. Ko kuwa a raba bisa irin takardar, sanarwa wuri ɗaya, kasafin kuɗi wuri ɗaya, kwangila wuri ɗaya, labarai wuri ɗaya. Wannan zaɓi shi zai nuna ko kuɗin da za a kashe zai haifar da ofishin da ake iya bincikawa, ko kuwa tarin takardun nan ne za su koma cikin allo su ci gaba da ɓuya.

Domin a gane maganar, sai a leƙa inda ake aikin. Kowane shafin intanet fuska biyu gare shi. Akwai wadda jama'a suke gani a wayoyinsu, akwai kuma ta bayan fage, inda ma'aikaci yake shiga da lambar sirri ya rubuta, ya gyara, ya goge. A hukumomi da yawa a ƙasar nan, abin da jami'in yaɗa labarai zai tarar idan ya shiga shi ne jeri guda mai tsawo. Saƙon barka da Sallah yana sama, ƙarƙashinsa hotunan rabon taki, sai ta'aziyyar wani dattijo, sai sanarwar allurar rigakafin shan inna, sai tallar neman 'yan kwangila, sai kasafin kuɗin shekara, dukkansu da kama ɗaya. A ce sakatare ya bugo waya ya ce an ƙara mako guda a kan ranar rufe karɓar takardun 'yan kwangila, a gyara yanzu. Jami'in zai yi ta gangarawa yana karanta kanu, ya iske talla biyu masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya ta bara ɗaya ta bana. Ga data tana ƙarewa, ga batirin kwamfutar yana kuka. In ya gyara ta bara, ba wanda zai lura sai ranar da ɗan kwangila ya zo da ƙorafi. Ba sakacin ma'aikacin ba ne ya jawo wannan, wurin aikin ne aka bar shi babu tsari.

Idan kuwa an raba bisa nau'i, abin da zai gani a gefen allo shi ne sunaye 'yan kaɗan: Sanarwa, Kasafin Kuɗi, Kwangiloli, Dokoki, Zaman Majalisa, Labarai. Ya taɓa Kwangiloli, ba abin da zai fito sai su. Babban amfanin ma bai tsaya nan ba. Kowane nau'i yana zuwa da fom ɗinsa. Fom ɗin kwangila yana da gurbin sunan aiki, mazaɓar da za a yi shi, adadin kuɗi, sunan kamfani, ranar farawa da ranar kammalawa. Wanda ya bar gurbin kuɗi babu komai, manhajar za ta iya ƙin karɓa, ko kuma gurbin ya zauna fayau kowa yana gani. Fom ɗin sanarwa yana da ranar da za ta daina aiki, saboda kada wani ya taso daga Madalla neman aikin da aka rufe ɗauka tun bara. Sannan ana iya raba iko: jami'in yaɗa labarai ya rubuta labari ya sake shi da kansa, amma takardar kuɗi ba za ta fita ba sai ma'aji ya duba, dokar ƙaramar hukuma kuwa sai magatakardan majalisa ya sa hannu. A jeri guda mai haɗe da komai, wannan rabon iko yana da wuyar yi, domin duk wanda aka ba mabuɗin gyara ya samu damar taɓa kome da kome.

Wannan kuma ba wata fasaha ce mai tsada ba. Manhajar WordPress, wadda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya suke aiki da ita, kyauta ce, kuma tun fitowarta ta 2010 ta ba da damar a ƙirƙiri nau'o'in rubutu daban-daban, kowane da wurinsa a bayan fage. Manhajar Drupal, wadda gwamnatoci da jami'o'i da dama suke amfani da ita, da ma a kan wannan tunani take aiki. Matashin da ya iya gina shafi a Suleja zai iya yin wannan rabo. Abin da yakan hana shi ne babu wanda ya zauna ya gaya masa irin takardun da ofishin yake fitarwa.

Hujja ta farko da ta sa muka karkata ga wannan tsari tana cikin tarihin Suleja kanta. Garin da Abu Ja, ƙanin Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828 ya shafe kusan shekara 150 yana amsa sunan Abuja. A zamanin Turawa yana cikin Lardin Neja, En'e ce take tafiyar da harkokinsa. A 1967 ya faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato. A watan Fabrairun 1976 aka ƙirƙiri Jihar Neja, a wannan watan kuma aka yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, wanda ya ɗauki sunan Abuja da wani yanki na ƙasar masarautar, tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. A shekarar ce kuma aka yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi a ƙasar baki ɗaya. Yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Suleja, Tafa da Gurara. Ɗalibin da ya ɗauko littafin tarihin da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda Frank Heath ya fassara zuwa Turanci aka buga a 1952, zai ga sunan Abuja ne a bangonsa, alhali labarin Suleja ne a ciki. A duk waɗannan sauye-sauye sunan gari ya canja, jiha ta canja, ofisoshi sun haɗe sun rabu. Abin da bai canja ba shi ne irin takardun da hukuma take fitarwa. Rasit ɗin haraji yana nan rasit, takardar fili tana nan takardar fili, kasafin kuɗi yana nan kasafin kuɗi. Har gobe sabuwar gwamnati za ta iya haɗe sashen noma da wani, ko ta raba sashen ayyuka gida biyu. Tsarin da aka gina a kan sunayen sassa sai an rushe shi duk lokacin da aka yi haka. Wanda aka gina a kan nau'in takarda kuwa zai tsaya.

Hujja ta biyu tana cikin doka. Sashe na 2 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, ya ɗora wa kowace hukuma nauyin tsara bayanan da ke hannunta ta yadda jama'a za su iya kaiwa gare su cikin sauƙi. Ya kuma lissafa abubuwan da za ta riƙa wallafawa ko ba a tambaye ta ba, kamar bayanin ayyukanta, ƙa'idojin da ma'aikata suke bi, kuɗin shiga da na fita, kwangiloli, da rahotanni. Wanda ya karanta jerin zai ga dokar da kanta bisa nau'i ta lissafa su. Ta kuma ba da kwana 7 a amsa wa wanda ya nemi bayani. Ofishin da kwangilolinsa suke wuri ɗaya zai iya cika wannan wa'adi da safiya guda. Wanda nasa suke warwatse tsakanin sassa shida da wayoyin ma'aikata, zai cinye kwanakin yana aika masinja daga tebur zuwa tebur.

Hujja ta uku ita ce ta mai nema. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Suleja mutum dubu 216 da ɗoriya, kuma duk wanda ya ga yadda gidaje suka bazu daga Kwamba zuwa Madalla ya san adadin ya wuce nan da nisa. Da yawa daga cikin mazaunan baƙi ne da aiki ko kasuwanci ya kawo, ba su san wane ofishi ne yake ƙarƙashin wane ba, kuma ba dole ba ne su sani. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwasar shara, sa wa tituna suna, ba gidaje lamba, da lasisin shaguna da gidajen abinci. Matar da take son buɗe gidan abinci a Field Base, abin da take nema shi ne fom, da adadin kuɗin da doka ta ce ta biya, da inda za ta kai. Wanda ya shiga Kasuwar IBB neman yadi, layin 'yan yadi yake tambaya, ba ruwansa da wanda ya mallaki rumfa ko ranar da aka sauke kaya. Haka mai neman takardar hukuma yake. Birtaniya ta gane wannan lokacin da ta buɗe shafin GOV.UK a 2012, ta tattaro ma'aikatunta wuri ɗaya, ta raba abin da suke wallafawa zuwa nau'o'i irin su jagora, labari, ƙididdiga da neman shawarar jama'a, domin ɗan ƙasa ya samu abin da yake so ba sai ya haddace tsarin gwamnati ba.

Akwai kuma abin da mu 'yan jarida muka sani daga sana'armu. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, mai karanta jaridar Hausa ya saba da cewa labari wurinsa daban, wasiƙun masu karatu daban, talla daban. Wannan rabo shi yake sa mai karatu ya san da wane ido zai dubi abin da ke gabansa. Shafin hukuma ya fi jarida bukatar haka. In aka cuɗa takardun aiki da labaran buɗe taro da yabon shugabanni, labaran ne za su rinjaya, domin kullum ana yin su, kasafin kuɗi kuwa sau ɗaya ne a shekara. Cikin mako biyu zai nutse. Ba sai an ɓoye takarda da gangan ba, cunkoso kaɗai ya isa ya ɓatar da ita.

To amma masu ja da wannan tsari suna da hujjoji masu nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da su.

Mafi ƙarfinsu ta masana adana takardun tarihi ce. A Faransa, bayan juyin juya halin 1789, an yi ta wargaza takardun ofisoshi ana sake jera su bisa maudu'i, har aka gano ana ɓatar da asalinsu. A 1841 aka fitar da umarnin cewa takardun kowace hukuma su zauna tare, kada a gauraya su da na wata. Wannan ƙa'ida ta bazu duniya, kuma a kanta Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Najeriya, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954, take tafiya. Wanda ya je reshenta na Kaduna zai ga takardun suna ɗauke da sunan ofishin da ya haife su: SNP na sakatariyar lardunan Arewa, Kanoprof na ofishin Lardin Kano, Minprof na ofishin lardi da ke Minna. Dalilinsu shi ne takarda ita kaɗai ba ta ba da cikakken labari. A dubi fayil ɗin rijiyar burtsatse guda a ofishin rajista, mai lamba a bango, an soke takardun da zare ta kusurwa. A ƙasa akwai wasiƙar koken mutanen unguwa da sa hannun mai unguwa, a samanta bayanin kansila, sai ƙiyasin injiniya, sai amincewar ciyaman da jan biro, sai takardar ba da kwangila, sai baucar biyan kuɗi, kowane shafi da lambarsa. Mai binciken kuɗi yana buɗewa zai ga wa ya ce me, yaushe, kuma in an zare shafi zai gane. Idan aka rarraba waɗannan takardu shida zuwa rukuni shida, an yanke zaren da ya haɗa su, kuma a irin wannan yankewa ne ɓarna take samun maɓoya.

Hujjarsu ta biyu ita ce ba kowace takarda ce take yarda ta zauna a rukuni ɗaya ba. Tallar ɗaukar ma'aikatan lafiya, sanarwa ce ko labari? Jawabin ciyaman ranar gabatar da kasafin kuɗi, ina za a kai shi? Da zarar an fara wannan gardama, kowane shugaban sashe zai nemi a buɗe masa nasa rukunin, kafin a ankara sun kai talatin. Daga nan sai a ƙirƙiri wani mai suna Sauransu, kuma cikin wata shida rabin takardun suna can. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ta uku ta shafi alhaki. A tsarin aikin gwamnati, shugaban sashe shi ake tuhuma a kan takardun sashensa. In aka ce kwangiloli duka suna wuri ɗaya, na lafiya da na ilimi da na hanya, wa za a kama idan ɗaya ta ɓace? Ga kuma tsofaffin akawunan rajista da suka shekara ashirin ko talatin suna riƙe da tsarin lambobin fayil a ka. Sabon tsarin da ya zo ya ture iliminsu zai gamu da turjiya, kuma ofishin zai yi asarar abin da ba a saye da kuɗi.

Ta huɗu ita ce ta fifiko. Wani zai ce garin da yake fama da cunkoson motoci, da zaizayar ƙasa, da ƙarancin ruwan sha da wutar lantarki, ina shi ina damuwa da yadda aka jera sunaye a allon kwamfuta? Mutane da yawa ma ta rediyo, ta masallaci da coci, ta bakin mai unguwa ko ta WhatsApp suke jin sanarwa.

Mun auna waɗannan duka, ga kuma inda muka tsaya. Ƙa'idar masana takardun tarihi gaskiya ce, amma an gina ta ne a kan wata larura ta takarda: fallen takarda ba ya zama a kabad biyu lokaci ɗaya, dole a zaɓa masa wuri. Rubutun da ke cikin kwamfuta ba shi da wannan larura. Takardar kwangila za ta iya zama cikin rukunin Kwangiloli, tana kuma ɗauke da sunan sashen da ya fitar da ita, da mazaɓa, da shekara, da lambar fayil ɗinta na asali. Mai bincike ya taɓa lambar fayil, dukkan takardun rijiyar nan su fito a jere kamar yadda suke a rajista. Ɗan jarida ya taɓa Kwangiloli, ya ga na shekara duka. Shugaban sashen lafiya ya taɓa sunan sashensa, ya ga nasa kaɗai, alhakinsu kuma yana nan a wuyansa. Saboda haka ƙorafin farko da na uku ba su rushe tsarin ba, sharaɗi suka gindaya masa: gurbin sashe da gurbin lambar fayil su zama wajibi, manhaja ta ƙi karɓar duk takardar da ba ta ɗauke da su.

Dalilin da ya sa nau'i ya cancanci ya zama ginshiƙi, sashe ya zama alama, shi ne nau'i ne yake faɗin yadda za a yi da takarda. Shi yake nuna guraben da za a cike, da wanda zai amince, da tsawon lokacin da za a ajiye, da ko ta jama'a ce ko ta sirri. Kwangilar sashen lafiya ta fi kama da kwangilar sashen ayyuka fiye da yadda take kama da sanarwar rigakafi, duk da cewa ofishi ɗaya ya fitar da su biyun. Batun sirri ma ya ƙara wa wannan nauyi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa hukumomi nauyin tsare bayanan mutane. Takardun neman shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma suna ɗauke da hoto, ranar haihuwa da sunayen iyaye. Idan suna da rukuninsu a rufe, da wuya wani ya sake su bisa kuskure. Idan kuwa suna jeri ɗaya da labarai, taɓa maɓalli guda ya isa.

Ƙorafi na biyu maganinsa kamewa ne. Rukunan kada su wuce bakwai ko takwas, kuma kada a buɗe sabo sai an tabbatar takardar tana bukatar fom na daban ko mai amincewa na daban. In bambancin na maudu'i ne kawai, alama ta wadatar. Rukunin Sauransu kuwa kada a yarda da shi ko kaɗan. Game da fifiko, mun yarda ruwa da hanya suna gaba. Sai dai aikin da muke magana a kai zama ne na 'yan kwanaki da biro da takarda, kuma shi ne zai ba mutanen unguwa damar sanin ko an ware wa hanyarsu kuɗi, nawa ne, wa aka ba. Mai gabatar da shiri a rediyo da mai tura saƙo a WhatsApp su ma suna bukatar wuri guda tabbatacce da za su ɗauko sanarwa ta gaskiya, don kada jita-jita ta riga ta.

Saboda haka muna ba Ƙaramar Hukumar Suleja da takwarorinta na Tafa da Gurara shawara, duk lokacin da za su gina ko su sabunta wurin ajiyar bayanansu, su fara daga ofishin rajista kafin su kira mai gina shafi. A zaunar da akawun rajista, da ma'aji, da magatakardan majalisa, da jami'in yaɗa labarai, a ɗauko takardun da aka fitar cikin shekara guda, a ware su hannu da hannu a kan tebur a ga kashi nawa suka kasu. Abin da ya fito daga wannan zama shi za a miƙa wa mai fasaha ya gina. Tun ran gini tun ran zane; gyara tsari bayan an zuba takardu dubu biyar ya fi fara shi daidai wahala nesa ba kusa ba.

Kowane rukuni a ba shi mai kula guda da aka rubuta muƙaminsa, domin abin da yake na kowa ba shi da mai shi. Shafin ya zauna a adireshin gwamnati mai ƙarewa da .gov.ng, wanda hukumar NITDA take kula da shi, lambobin sirri kuma su kasance mallakar ofis, suna cikin takardar miƙa mulki, kada su tafi da wanda wa'adinsa ya ƙare ko ɗan kwangilar da ya gina shafin. Takardun kuɗi a sa su yadda za a iya binciken kalma da lissafa adadi a cikinsu, ba hoton takarda da aka ɗauka da waya a karkace ba. Sanarwa da jerin kuɗaɗen da ake biya su fito da Hausa da Turanci, inda hali ya yi a ƙara da Gwari, a kuma buga su a manna a allon sakatariya da bakin kasuwa. Fayil ɗin takarda kada a yar da shi, ya ci gaba da zama shaidar asali. Majalisar Masarautar Suleja, wadda take riƙe da tarihin naɗe-naɗe da takardun da suka girme wa jihar kanta, da makarantu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, duk za su amfana da bin wannan hanya gwargwadon girmansu.

Ga gwamnatin jiha a Minna kuma, aikin da ya fi dacewa da ita shi ne ta fitar da samfuri guda na rukunai da fom-fom ga ƙananan hukumomi 25 na jihar. Idan gurbin kuɗin kwangila iri ɗaya ne a Suleja da Bida da Kontagora, mai binciken kuɗi da ɗan jarida da ɗan ƙasa za su iya jera su gefe da gefe su ga inda aka gina aji a kan farashi mai hankali da inda aka wuce gona da iri.

Matsayinmu dai shi ne: a jera bisa nau'in takarda, rukunan su zama kaɗan, kowace takarda ta ɗauki sunan sashenta da lambar fayil ɗinta, kowane rukuni kuma ya sami wanda za a tambaya. Ƙananan hukumomi sun daɗe suna neman a sakar musu mara. Wanda aka damƙa wa kuɗin jama'a kai tsaye, wajibi ne ya ajiye lissafinsa inda mai nema zai same shi ba tare da ya san kowa a ofis ba. Muna kira ga shugabannin Suleja da su yi wannan aiki tun kafin a sayi kwamfuta ta farko, su zama abin koyi ga sauran ƙananan hukumomin Jihar Neja.